Jinjina ga Sarkin Tekun Tudu

Allah ya ja zamanin Alhaji, toron giwar unguwar manya, mai falo uku da maigadi biyu, gagara-misalin da ya dubi garin da Allah ya dasa a tsakanin duwatsu ya ce a kawo masa teku, aka kuwa kawo. Tun 1809 da Malam Yakubu, mai tutar Shehu, ya kafa Bauchi ya kewaye ta da ganuwa, garin nan bai taɓa rasa mazaje ba. Ya yi sarakuna, ya yi malamai, ya ba Nijeriya Firayim Ministan da ba ta sake yin wani ba bayansa. Abu guda ne ya gagari magabata, wato ruwan gishiri mai igiya, wanda mai mota sai ya ci fiye da kilomita 1,000 kafin ya tsaya a bakinsa a Legas. Masana duwatsu sun ce teku ya taɓa kwanciya a wannan yanki, shekara wajen miliyan 90 da suka wuce, shi ne ya bar farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka ana siminti, da ɓawon halittun ruwa a cikinta. Daga nan ya tattara ya tafi babu sallama, kuma babu hakimi ko gwamnan da ya aika a kira shi. Sai Alhaji. Ga shi nan yanzu a falon baƙi, cikin tankin gilashi mai tsawon mutum a kwance, ƙarƙashin shuɗiyar fitila, tsakanin talabijin da hoton Alhaji na ranar da aka ba shi lambar yabo.

Kakanninmu mata sun san murjani, ja wur, wanda fatake suka riƙa ɗaukowa daga Bahar Rum su ratso Sahara da shi, a huda, a shirya a zare, uwa ta sa a wuya ta bar wa 'yarta, 'yar ta bar wa jika. Ba ya cin wuta, ba ya shan ruwa, ba ya neman likita, domin ya riga ya mutu tun kafin a ɗora wa raƙumi. Wannan tattali ne irin na masu ƙaramin ƙarfi. Alhaji ba ya sayen abin da ya mutu a hannun wani.

Shi ya sa ya nemi mai rai. Ga waɗanda ba su taki sa'ar shiga falon ba, murjani dabba ne, ko da yake ido yana ganinsa kamar dutse ko reshen itace. Dubban 'yan mitsi-mitsin halittu ne, kowace da bakinta da 'yan yatsu kewaye da bakin, suna zaune a jere kan farin ƙashin da suke gina wa kansu. A cikin namansu akwai wasu tsirrai da ido ba ya gani, dangin gansakuka, masu karɓar haske su haɗa abinci su ba mai masauki kaso mafi tsoka, a wasu nau'o'in har kashi 90 cikin 100 na cimarsa. Su ne kuma ke ba shi galibin launinsa. Zaman nan yana da sharuɗɗa. Gishiri gram 35 a kowace lita, zafin ruwa wajen digiri 25 ko 26, ruwa mai motsi dare da rana, haske mai ƙarfi a kan lokaci. In zafi ya ɗara abin da ya saba da digiri 1 tak, ya kuma yi makonni a haka, sai dabbar ta kori baƙin nata, namanta ya zama garai-garai, farin ƙashi ya bayyana ta ciki. Ba ta mutu ba tukuna, yunwa ce ta fara cin ta.

To, wane mai adalci ne zai ƙi sara wa hangen nesan da ya zaɓa wa irin wannan dabba Bauchi? Garin da a watan Afrilu zafi ke lasar digiri 40, hunturu ya zo da ƙurar da ke shiga ko'ina ba ta neman izini, wutar lantarki kuwa ta zo ran da ta ga dama ta tafi tsakiyar magana. Ko gaɓar tekun Nijeriya ba ta da tudun murjani na a zo a gani, saboda laka da ruwan daɗin da Kwara da 'yan'uwanta ke kwararawa a can. Dabbar da ta ƙi zama a Legas da Kalaba ta amsa kiran Bauchi, domin mai kiran ba wanda ake ce wa a'a ba ne.

Sai dai tanki ba shi ne ma'aunin girman Alhaji ba, kowane mai kuɗi yana iya sayen gilashi. Baiwar a ido take. Lafiyayyen murjani yawanci ruwan ƙasa ne, ko kore-kore, ko launin zuma mai duhu, launukan da ba su dace da matsayi ba. Alhaji mai farar babbar riga, mai farar mota, mai farin gida da farin suna, ta yaya zai ajiye ruwan ƙasa a falonsa? Duk lokacin da aka turo hotuna, yatsansa mai albarka yakan tsallake masu ƙiba da duhu ya sauka daidai kan wanda ya fi kowa haske, fari fat, tsarkakakke, wanda ya kori tsirransa tun a hanya. Masana sukan shafe shekaru a jami'a kafin su iya ware mara lafiya daga cikin ɗari da kallo ɗaya. Alhaji bai taɓa kuskure ba.

Kuma a nan ya sha gaban duniya. Sau huɗu masana suka shelanta cewa murjanin tekunan duniya ya yi fari gaba ɗaya: a 1998, da 2010, da tsakanin 2014 zuwa 2017, sai na huɗun da hukumar kula da teku da sararin sama ta Amurka ta tabbatar a watan Afrilun 2024. Babban tudun murjani na Ostareliya, mai tsawon kilomita 2,300, ya koɗe a 2016 da 2017 da 2020 da 2022 da 2024. Sai da manyan ƙasashe suka ƙona kwal da fetur na fiye da ƙarni guda, da masana'antu da jiragen ruwa da tarukan ƙoli, kafin su iya ɗumama teku ya kai haka. Alhaji yana cimma wannan sakamako tsakanin Juma'a da Juma'a, shi kaɗai, da kuɗin aljihunsa, babu tallafin gwamnati.

Talakan Bauchi in ya je kara sayen ragon layya, sai ya buɗe bakin ragon ya duba haƙori, ya matsa gadon baya, ya ɗaga wutsiya, ya sa a ja shi ya ga tafiyarsa, domin malamai sun gaya masa mai ido ɗaya da gurgu da majinyaci da ramamme ba su isar wa layya. Masu kiwon murjani na wasu ƙasashe ma suna da irin wannan ƙanƙan da kai. Sai su ce a kashe shuɗiyar fitila a kunna fara, su duba ko 'yan yatsun dabbar sun fito suna kaɗawa, ko nama ya lulluɓe ƙashi har gindi, su juya ƙasan su nemi ƙwan tsutsa, su tambayi mako nawa ya yi a hannun mai sayarwa, wai har su tafi su dawo wani satin su ga ko yana nan. Duk wannan bincike ne na mai ƙirga canji. Alhaji bai taɓa zubar da girmansa da tambaya ba. Hausawa sun daɗe suna tsoratar da mutane kan cinikin biri a sama, shi kuwa jarumin ya ɗaukaka sana'ar, ya mai da ita cinikin dabba a ƙarƙashin ruwa, ta WhatsApp, kuɗi a gaba.

Ba a yabon sarki a manta da waziri. Dillalin Alhaji, gwanin fitila, malamin kusurwar hoto, mai harshen da ke tayar da kwantacce, ya cancanci nasa kirarin. Ya san shuɗin haske yana sa wasu launukan jikin murjani su yi walƙiya kamar an kunna su, har da na wanda ke gargara. Ya san abin da masana suka gano, cewa wani murjanin in ya wahala yakan fito da launi mai tsananin ƙyalli don kare namansa daga haske, ya fi kyau a makon da ya fi kusa da kushewa. Irin wannan yake ware wa Alhaji, saboda ƙauna. In kuma kaya suka zo fari babu ko ɗigon launi, a kasuwar duniya akwai masu rini, rawaya ko ruwan hoda, wanda ke riƙewa daidai tsawon lokacin da kuɗi ke ɗauka su shiga asusu. Wanda ya ji hirarsu ya ji yadda manya ke ciniki.

"Ranka ya daɗe, wannan guda ɗaya ne ya shigo ƙasar nan. Wani babba a Abuja ya taya, na ce ya yi haƙuri, na Alhajin Bauchi ne."

"Na ga kamar gindinsa ya ɗan saɓule."

"Yallaɓai, ai girma yake yi. Sabon tsiro da fari yake fitowa."

"To, a sa mini uku."

Kuma ba ƙarya aka yi ba, sabon tsiro fari ne. A saman reshe yake fitowa. Dillalinmu ya faɗaɗa ilmin ne kawai ya kai shi gindi, inda mutuwa ke farawa.

Tafiyar kayan kanta abin a rubuta ce da ruwan zinariya. Indonesiya ce kan gaba wajen fitar da murjani mai rai zuwa kasuwannin duniya. Ta dakatar da fitarwa a 2018, ba ta sake buɗewa ba sai 2020, Fiji ma ta hana a ƙarshen 2017. Akwai kuma yarjejeniyar cinikin halittun da ke fuskantar ƙarewa, wadda aka ƙulla a Washington a 1973, Nijeriya na cikinta, wadda ta ce murjani mai ƙashi ba ya ƙetare iyaka sai da takardar izini. Alhaji bai taɓa neman ganin takarda ba, domin neman takarda zargi ne, zargi kuwa ba halin dattijo ba ne. Ana noman murjani a wasu wurare, a yanki ɗan reshe a manna a kan siminti ya girma a gonar ruwa, irin wannan ya fi jure tanki. Alhaji ya fi son na asali, babba, wanda aka ɓalle daga tudu da guduma da kurfi. Dunƙulallen murjani bai cika ƙara abin da ya wuce santimita ɗaya ko biyu a shekara ba, saboda haka abin da Alhaji ke nunawa da tsinken sakace ya yi shekaru goma ko fiye yana ginuwa, yana jiran wannan rana.

Daga nan a ɗaure shi a leda da ɗan ruwa da iska, a jera a kwali, ya yi yini da kwana a jirgi, ya sauka Legas ya jira a zafin sito, sannan a ba direba saƙo. Ya bi Lokoja, ya bi Akwanga, ya hau tsaunin Jos ya sha sanyin asuba, ya gangaro ta Toro cikin but ɗin mota, ƙarƙashin buhun dankali, ya shigo Bauchi da azahar. Dabbar da digiri ɗaya ke rikitawa ta ga digiri goma sha wani abu a yini guda. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma ba kowane murjani ne ke samun wannan gata ba.

Masu tsoro sukan killace sabon zuwa. Su tsoma shi a ruwan magani, su ajiye shi a wani tanki dabam na makonni, sai sun tabbata bai zo da kowa ba. A gidan Alhaji ba a killace baƙo. Gidan karamci ne, wanda ya zo da rana ya kwana a falo. Daga leda sai cikin tanki, har da ruwan ledar, don kada a yi almubazzaranci. Baƙon kuwa ba ya zuwa hannu rabbana. Yakan zo da wasu shimfiɗaɗɗun tsutsotsi masu launin jikinsa, masu cin nama su bar tabo su jera ƙwai a gindin reshe, da wasu dangin dodon koɗi marasa ɓawo masu kiwo da dare. Wani ya zo da cutar da ke saɓule nama daga ƙashi cikin yini ɗaya ko biyu, wani ya zo da wata majina ruwan ƙasa da ke tashi daga wannan kai ta sauka a wancan. Cikin 'yan kwanaki sai arzikin ya zaga, tsoho da sabo kowa ya samu rabo, babu wariya. In ƙamshin ya fara kaiwa falon sama, Hajiya takan aiko da kasko da turaren wuta, baƙi su shigo su tsaya gaban gilashi su ce, "Masha Allah, Alhaji, sai ka ce a Dubai." Alhaji ya yi murmushi ya ce ai ƙaramin abu ne.

Sai mu zo kan yaron gida, babban injiniyan teku, wanda aka ɗauko daga wankin mota aka damƙa masa amanar halittun Indonesiya ba tare da an ɓata masa lokaci da horo ba. Gishirin tanki na musamman ne, ana shigo da shi a bokiti, haɗe da sinadaran da dabbar ke gina ƙashi da su. Ran da ya ƙare, yaron ba ya damun maigida, kasuwar Wunti na nan, gishiri ai gishiri ne. Ruwa yakan tashi ya bi iska ya bar gishirinsa a baya, musamman da hunturu, don haka ƙa'ida ita ce a cike gurbin da ruwan daɗi zalla. Yaron mai kishin aiki da ruwan gishiri yake cikewa, domin teku aka ce masa, har tankin ya kusa zama abin da masu dafa gishirin Keana za su zo su ɗauki darasi. Ruwan rijiyar burtsatse kuma sai an tace shi da wata na'ura mai zubar da lita uku ko huɗu kafin ta ba da ɗaya. Maƙwabta ma ba a bar su a baya ba. A garin da madatsar Gubi ba ta kai kowane famfo, inda 'yan garuwa ke tura kura tun asuba, inda kwalara ta 2021 ta sa jihar a sahun gaba wajen yawan masu kamuwa, ruwan da na'urar Alhaji ta raina yana bin kwata ya wuce ta ƙofar gidajensu, su kalla kyauta.

Wanda bai ga Alhaji a watan Oktoban 2024 ba bai san sadaukarwa ba. Lokacin da yawancin Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, masu walda suka rufe, masu ƙanƙara suka zauna, masu niƙa suka ninka kuɗi, janareton Alhaji bai yi shiru ba, ga famfon motsa ruwa, ga na'urar sanyaya shi, ga fitilu, duk da abin da mai ya zama tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023. Unguwa ba ta yi barci ba, amma ta kwana da sanin cewa ana raya teku a kusa da ita. Dare ɗaya ne kawai mai ya yanke. Ruwa ya tsaya cak, iskar da ke cikinsa ta ƙare cikin 'yan sa'o'i, kifayen ado suka taso sama suka kwanta a bayansu cikin natsuwa. Da gari ya waye tankin ya kai matuƙar farin da Alhaji ya daɗe yana nema.

Akwai dai waɗanda suka tsira, kuma su ma kyautar dillali ce. Wasu 'yan tattausan halittu ne masu kama da maɓallan riga, da yake ƙarawa a matsayin gyara, domin ba su da tsada kuma ba su cika mutuwa ba. Wasu daga cikin danginsu suna ɗauke da dafin da ke cikin mafi ƙarfi da aka sani a duniya, babu kuma makarinsa. A 2018, a wani ƙauye kusa da Oxford a Ingila, an kai mutum 10 asibiti, har da 'yan kwana-kwanan da suka je ceto, saboda an fito da dutsen tanki an goge shi a cikin gida. Turawa ke nan da rauninsu, sai safar hannu, sai tabarau, sai a buɗe taga. Yaron Alhaji da hannu tsirara yake sa soso, wani lokaci da ruwan zafi don aiki ya yi kyau. Tawakkalin Alhaji ya kai matsayin da har a madadin wasu yake yin sa.

Mahassada ba su ƙarewa. Suna cewa a bar tanki ya yi makonni babu kowa a ciki har ruwa ya nuna, a fara da ɗan ƙaramin reshe na gona mai jure wahala, a sayi ɗaya a ga ya yi wata uku kafin a ƙara. Wasu marasa kunya har cewa suke in ruwa mai kyau yake son kallo ga Wikki nan a Yankari, garai-garai, zafinsa digiri 31 rani da damina babu janareto. Sun manta Wikki ba ta shiga falo, kuma kowa da kuɗin mota yana iya ganinta. Abin da ya fi ɓace musu shi ne lissafin tattalin arziki. Lafiyayyen murjani sau ɗaya ake sayensa, ya zauna yana girma, ya kashe kasuwa. Majinyaci kuwa duk wata sai an maye gurbinsa. Da shi dillali ke biyan kuɗin makaranta, direba ya samu na goro, mai sayar da mai ya yi sabon shago, wani mai ninƙaya a can gabashin duniya ya sake ɗaukar guduma ya nutse. Tuddan murjani ba su kai kashi 1 cikin 100 na ƙasan teku ba, amma kusan rubu'in nau'o'in halittun teku a jikinsu suke samun mafaka, da su kuma miliyoyin masunta ke ci. Duk reshen da ya yi fari a Bauchi, a can ake cike gurbinsa. Wane ɗan kasuwa ne a jihar nan hannunsa ya kai nisan haka? Argungu tana da Sarkin Ruwa, ga shi ruwan nasu ko gishiri babu. Muna roƙon masu naɗi su duba lamarin, rawani kuma ya zama fari.

Dalilin yawan rashe-rashen ma an gano shi. Bayan dogon nazari, dillali ya kira ya ce, "Ranka ya daɗe, na duba hotunan da kyau, kayana ba su da laifi. Kambun baka ne, mutane sun yi yawa a falon nan. Kuma tankin ya yi wa matsayinka kaɗan." Alhaji ya ce shi ma abin da ya zo masa a rai ke nan. An sa labule a gaban gilashin, an tura kuɗin sabon tanki mai ninki biyu da kaya goma sha biyu da za su cika shi, dukansu farare. Tankin ba zai shiga ta ƙofa ba, saboda haka magina za su zo ran Asabar su fasa bangon gabas.